Takardar da Ta Jira Girbi

Ranar wata Alhamis ce, a kakar shekarar da aka rufe hanyar Kano saboda yaƙin Nasara, ina da shekara tara a duniya, na tsinci gawa a gonarmu. Inna ta tashe ni bayan sallar asuba, ta zuba mini ɗumame a ƙoƙo, na bi bayan Baba, domin gero ya nuna, tsuntsayen jan-baki kuwa ba sa jira mutum ya karya kumallo. Baba ya tsaya a yammacin gona yana tayar da karan da iska ta kwantar, ni kuma na ratsa gabas zuwa rumfata, inda muka rataya fasassun ƙore a doguwar igiya don in na ja su yi ƙara. Ban kai rumfar ba na yi tuntuɓe da takalmi. Na fata ne, ƙafa ɗaya, ya sha faci. Mai shi yana kwance rub-da-ciki a cikin yaɗon wakenmu, ɗan taku kaɗan daga layin gamba da ya raba ƙasar ƙauyenmu da ta mutanen Gangare. Ƙeyarsa a fashe take, yashi ya shanye jinin ya yi baƙi, ƙudaje sun riga ni zuwa. Ɗan koli ne, baƙo, ban taɓa ganinsa ba. Ga tandunan kwalli sun watse, ga allurai soke a jikin tsumma, ga wani ɗan madubi yana kallon sama. Ban yi ihu ba. Na ajiye ƙoƙona a hankali kamar mai gudun tada mai barci, na koma na kama gefen rigar Baba na ja.

Baba ya daɗe tsaye a kansa yana salati ƙasa-ƙasa. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu kowa sai tsuntsaye. Sai ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya juya mutumin, ya kama shi ta hammata, ya ja shi da baya-baya har ya tsallake gamba, ya kwantar da shi a tsakiyar gyaɗar Gambo, maƙwabcinmu na gona. Ya dawo yana haki, ya kwashe yashin da ya sha jini da hannu biyu ya tura a ramin gara. Ya ce in tattara kayan a zanena in kai can in watsar. Na kai, har da takalmin. Sannan ya karyo reshen sabara ya miƙo mini, ya ce in share sawun jan. Ni ce ƴar fari a gidanmu, saboda haka tun da na buɗe ido Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ranar, da na gama shara, ya durƙusa har fuskokinmu suka daidaita, ya ce, "Habsu, ba ki ga kome ba. Hau rumfa ki ja igiyarki." Na hau. Da hantsi Talatu, ƴar Gambo, ƙawata, ta iso gonarsu tsaron awaki, na ji ihunta ya tsaga gonakin nan biyu. Ban sauko ba. Na yi ta jan igiya ina rera waƙar korar tsuntsaye har azahar.

Dole in faɗi dalili, don kada yaran yanzu su ɗauka Baba mugu ne, alhali kuwa mutum ne da ko kaza sai ya kira wani ya yanka masa. A wancan zamani, duk ƙauyen da aka tsinci gawa a ƙasarsa, shi ke ɗaukar laifin har sai ya fito da wanda ya yi kisan. Ban sani ba ko haka yake a rubuce cikin takardun Nasara, amma haka muka gani da idonmu. Shekara biyu kafin nan an tsinci gawar wani a bakin rijiyar wani ƙauye wajen Waca. Gardi, ƴan sandan Nasara, suka zo bisa dawaki, suka kwashe mai gari da duk namijin da zai iya ɗaga hauya, aka kai su aikin hanya ana tsakiyar girbi. Kafin su dawo tsuntsaye da dabbobi sun gama da hatsin. Bazarar da ta biyo, matan garin suka riƙa zuwa ƙauyenmu roƙon dusa, wasu da goyo, wasu sun riga sun binne goyon. Tun daga nan manoma suka san abu guda, ko da yake ba mai faɗa a fili: gawar baƙo ba ta yini a gonar mutum in akwai iyaka kusa. Tunanin Baba a safiyar nan bai wuce layin gamba ba. Bai tsaya ya tuna cewa bayan gambar ma gonar mutum ce, mai mata da ƴaƴa.

Ƙauyenmu yana kan tudu, rabin yini daga Guci a ƙafa, gidaje ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Gidanmu darnin kara ne da ɗakuna uku na ciyawa, rumbuna biyu, turken jaki, da wata tsohuwar magarya da muke tsintar ƴaƴanta. Aikina kullum a jere yake: in share tsakar gida kafin rana ta fito, in taya Inna surfe da daka har tafukan hannuna su yi kanta, in goya ƙanina in ta shiga girki, in ɗauki ƙaramin tulu in bi mata rijiya. Rijiyar a tsakanin garuruwan biyu take, mu da mutanen Gangare muke sha, kuma tana da zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jiran ƙararta. Gambo ne ke tufka mata igiya da kaba. Doguwar ƙafa gare shi, ba ya da yawan magana, kullum yana zaune gindin gawo da igiya maƙale a babban yatsan ƙafarsa yana murzawa a cinya. In mun dame shi sai ya tufka mana ƴan ƙananan igiyoyi na wasa ya ce, "Ku je ku ɗaure mazajenku." Ni da Talatu a bakin rijiyar nan muka saba. Mun yi carafke da ƙwallon magarya, mun yi ƴar tsana da kara muka yi mata kitso da gashin masara, mun gina gidaje da jiƙaƙƙen yashi muka aurar da tsakuwoyi. A gona kuwa, ni in cilla mata tumu ta saman gamba, ita ta cillo mini ɗanyar gyaɗa, muna zagin juna da waƙa, ni in ce mata mai wuyan zalɓe, ita ta ce mini mai goshin jemage.

Sai kuma Kawu, Malam Abdu, ƙanin Inna, wanda wannan labari nasa ne fiye da nawa. Ya yi karatu a gabas, ya yi a Kano, ya dawo da wata ɗabi'a da ba a san malami da ita ba: rubuta labaran kisa da fashi, na gaske, waɗanda suka faru a ƙasarmu. In ya ji an sare wani a hanyar Mallawa, ko an tsinci wata a tafki, sai ya rataya gafakarsa ya kama hanya. Ya zauna da matar mamaci, ya zauna da wanda ya yi wankan gawa, ya auna wurin da takunsa, ya dawo ya rubuta da ajami, layi a matse, don takarda ta yi wuya tun da aka rufe hanya. Ranar kasuwar Guci, bayan la'asar, yakan zauna gindin tsamiya ya karanta, mutane su bar awakinsu ba su gama ciniki ba su kewaye shi, mata su tsaya daga nesa suna riƙe baki. Wasu malamai ba sa so, suna cewa tawadar da ake rubuta sunan Allah da ita ba ta dace da jini ba. Shi kuwa yakan ce, "Wanda aka kashe a daji ba shi da mai yi masa magana. In ban rubuta shi ba, gobe sai a ce bai taɓa zuwa duniya ba." Yana da ƙa'ida biyu da ban taɓa ganin ya karya ba. Ba ya rubuta wurin da ƙafarsa ba ta taka ba. Kuma ba ya karanta labari a kasuwa sai ya fara zuwa ƙofar gidan duk wanda ya ambata a ciki, ya karanta masa ido da ido, in akwai ƙarya mutum ya ce ga ta. A zaurensa na yi karatun allo tare da yara maza, don Inna ta roƙe shi, a nan kuma ya koya mini ajami, shi ya sa yau nake iya rubuta wannan da hannuna. Tsakaninsa da Baba wasa ne, irin na mijin yaya da ƙanin mata. In ya dawo daga tafiya sai Baba ya ɗaga murya, "Angulu ya sauka! Yau mushen wa aka ci?" Kawu ya ce, "Naka nake jira, mijin Yaya, ka ƙi faɗuwa, ga shi duk ƙashi ne ma." Inna ta leƙo ta ce su ji tsoron Allah, tana dariya.

Lokacin da abin ya faru Kawu yana Mallawa. Ranar Asabar gardi biyu suka iso Gangare. Dattawan can su ma gero na tsaye a gonakinsu, su ma sun ga matan nan masu roƙon dusa. Suka zauna suka yi shawara, suka ce ai a gonar Gambo aka tsinci gawa, shi za a tambaya. Gambo zuwa ya yi daga gabas, ba shi da wa ba shi da ƙani a garin da zai tsaya masa. Aka ɗaure masa hannu da igiyar da aka ciro daga ƙofar ɗakinsa, aka haɗa da sirdin doki. Ta bakin rijiya suka bi, muna can da tuluna. Matarsa Hajo tana biye da goyo a baya, ba mayafi, har sai da gardi ɗaya ya juyo da bulala sannan ta tsaya. Gambo ya dube mu, mu mata da yara, kamar mu ne alƙalai, ya ce, "Jama'a, wallahi ko sunansa ban sani ba." Na koma gida da tulu rabi. Baba yana zaure yana sa wa magirbi ƙota, ya ji ƙarar kofato sun wuce, bai ɗago kai ba.

Kawu ya dawo Lahadi, bai ko kwance gafaka ba ya wuce Gangare. Daga baya na ji abin da ya gano. Wanda ya yi wankan gawa ya gaya masa cewa bayan rigar mamacin cike yake da ganyen wake da ɗanyen kwanso da ya murje, alhali Gambo ko ƙwaya ɗaya ta wake bai shuka ba. Wurin da aka tsinci gawar kuma babu jinin kirki, ga ƙeya a fashe. Mutane sun tattake gonar Gambo, amma ba wanda ya tsallako tamu, sai shi. Ranar Litinin da aka tashi karatu, yara suka watse, ya ce, "Habsu, tsaya ki share mini zauren nan, ƴan banzan nan sun cika shi da ɓawon gyaɗa." Na ɗauki tsintsiya na share kamar kullum, da baya-baya, ina ja hagu ina ja dama, har na kai bakin ƙofa. Yashin ya fito da zane layi-layi kamar ɓawon kifi. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Haka Yaya ke shara. Haka innarmu take yi, Allah ya jiƙanta. Na taka ƙasar nan daga Magaria har bakin iyaka, ban taɓa ganin an share gona ba, sai gonar ubanki." Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Ya ce, "Ba zan tambaye ki ba. In na tambaye ki, ko ki yi mini ƙarya ko ki ba da ubanki, ba kuwa a ɗora wa yaro ko ɗaya daga ciki. Je ki gida." Amma ban tafi ba. Kwana huɗu ke nan ina ɗauke da maganar ni kaɗai. Na zauna a kan sharar da na yi, na faɗa masa duka, har da takalmin.

Ranar Laraba bayan la'asar ya zo gidanmu da gafaka, ya tsaya a waje ya yi sallama sau uku kamar baƙo. Baba ya fito ya fara cewa, "Angu..." sai ya ga fuskarsa ya haɗiye sauran. Suka zauna a zaure. Ina bayan darni ina tankaɗe, Inna na kusa da ni, muna ji. Kawu ya karanta daga farko har ƙarshe da muryar da yake karatu a kasuwa, bai rage ba bai ƙara ba. Da ya gama ya ce, "Sanda, akwai ƙarya?" Baba ya ce, "Babu. To sai me?" Kawu ya ce, "Gobe in kai bariki. Tafinta ya juya wa Nasara, su san ba a gonar Gambo aka kashe mutumin nan ba." Baba ya ce, "Su saki Gambo su kama ni. In ni kaɗai ne da sauƙi, Abdu. In suka kwashe garin fa, gero na tsaye?" Sai Inna ta ajiye rariya ta shiga zaure, abin da ban taɓa ganin ta yi ba in maza na zaune. Ta ce, "Abdu, a bayan nan nawa ka girma. Ban ce ka ƙona takardarka ba, ban ce ka canza harafi ba. Ka bari dai a ɗaure dami." Kafin magariba mai gari da liman sun iso, don a ƙauye darni ba ya riƙe magana. Mai gari ya ce, "Malam, Gambo da ransa yake, gidan kaso ba kabari ba ne. Wata guda kawai." Baba ya ɗaga hannu ya rantse cewa ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu, shi da kansa zai bi Kawu bariki ya faɗa da bakinsa. Kawu ya juya wajen ƙofa. Ƙannena biyu suna ƙofar zaure tsirara suna cin tumu, yana kallonsu. Ya naɗe takardar ya mayar cikin gafaka, ya ce, "Wata guda."

Ban taɓa ganin girbi irin na shekarar nan ba. An saba a yi shi da kiɗa da gayya, samari na gasa, ƴammata na kai fura suna tsokanarsu. Wannan kuwa shiru aka yi shi, da sauri, kamar masu kwashe kaya daga gidan da wuta ta kama. Maza na kayar da kara tun kafin gari ya gama wayewa, mata na yanke zangarniya, mu yara muna jera ta a shinge, ana ɗaure dami ana ɗora wa jakuna. Baba ya yi aikin mutum uku, tafin hannunsa ya tsattsage, ba ya cin abinci sai Inna ta tsaya a kansa. Kowa a garin ya sani, ba wanda ya tsallaka ya gaya wa mutanen Gangare. A rijiya matanmu suna gaida Hajo da jaje, suna taya ta jan guga. Igiyar ta fara sili-sili, ba mai tufka sabuwa, aka yi ta ƙulla ta. Ni na bar zuwa gabashin gona. Daga nesa nakan hango Hajo da Talatu su biyu suna cirar gyaɗa, jaririn kwance a inuwar gamba. Wata rana Talatu ta hango ni ta ɗaga hannu ta kira, "Mai goshin jemage, kin mutu ne?" Na yi kamar ban ji ba. Kawu kuwa kullum bayan azahar yakan zagaya rumbunan gari yana duba inda aka kai, mutane suna kauce wa idonsa. Karatunmu ma ya lalace, sai ka biya allo da kuskure ya ce madalla.

Ranar da aka rufe bakin rumbun ƙarshe, Baba ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Idi, ya nuna wa Inna inda ya ajiye irin shuka, ya yi mata bayanin wanda zai taya ta noma in bai dawo ba. Shi da Kawu suka kama hanya a ƙafa, tafiyar kwana biyu. A rana ta biyar da hantsi muka hango su tafe su biyu. Inna ta kai hannu hanci za ta yi guɗa, sai ta ga yadda suke tafiya, ɗaya nan ɗaya can, ba mai duban wani, ta sauke hannun. Gambo ya rasu kwana tara kafin su isa. Atuni ne ya kama shi a gidan kaso, ƴan kaso ƴan'uwansa suka yi masa sutura. Tafinta ya juya takardar Kawu gaba da baya ya miƙo masa, ya ce ba a tada maganar da mai ita ya mutu. Baba ya tsaya a bakin biro, wato ofishin Nasara, ya ce, "Ni na ja gawar." Ya faɗa sau uku. Wani gardi ya ce masa, "Baba, ka samu kanka, tafi gida ka gode wa Allah," ya tura shi waje da gindin bindiga. Haka Baba ya dawo ba wanda ya taɓa shi, har ya mutu kuma ban ƙara jin ya yi wa Kawu wasa ba.

Kawu ya kulle kansa yini guda ya ƙara wasu layuka a ƙarshen takardar. Ya riga ya karanta wa duk wanda ke ciki, saura gida ɗaya. Ya ce Baba ya zo su tafi, ni kuwa ba dole. Na ce zan je. Muka tsallaka Gangare da la'asar. Hajo tana takaba, labarin rasuwar ya riga mu isa, tana cikin ɗaki an saki tufaniya. Talatu na bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa a faifai. Muka zauna a ƙasa. Kawu ya karanta, tun daga takalmin har zuwa bakin biro. Na haddace ƙarshen don na ji shi sau biyu: "Wanda ya kashe ɗan koli, Allah ne ya san shi. Gambo kuwa, Sanda ya ja gawa zuwa gonarsa don tsoro. Dattawan garinsu suka miƙa shi don tsoro. Ni Abdu na san gaskiya, na rubuta ta da hannuna, na riƙe ta a gafaka kwana talatin da ɗaya. Yarinya ta yi abin da ubanta ya sa ta, babu laifi a kanta." Ya ce, "Hajo, akwai ƙarya?" Sai muryarta ta fito daga bayan tufaniya, a kwance, ba kuka a ciki.

"Kwana nawa ka ce, Malam?"

"Talatin da ɗaya."

"Geron ya shiga rumbu?"

"Ya shiga."

"Duka?"

"Duka."

"To. Allah ya sa ku ci lafiya."

Baba ya kifa goshinsa a ƙasa. Talatu ba ta daina ɓarar gyaɗa ba. Da muka miƙe za mu tafi ta dube ni ta ce, "Kina kan rumfa lokacin da na yi ihu?" Na ce ina kai. Ta ce, "Na ji ƙorenki suna ƙara. Na ce ba ki ji ni ba ne." Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Kasuwar Guci da ta biyo baya Kawu ya karanta labarin gindin tsamiya, da sunan Baba, da nasa. An ce ranar ba wanda ya riƙe baki, ba wanda ya ce a maimaita wani wuri kamar yadda aka saba, mutane suka watse ɗaya-ɗaya. Garinmu bai yafe masa ba. Ba don ya jira ba, a'a, don ya faɗa. Aka janye yara daga zaurensa, ni kaɗai na rage, sai ɗan liman da ke zuwa a ɓoye. Bayan damina biyu ya kwashe ya koma Waca, ya ci gaba da rubutunsa har tsufa, kuma an ce daga nan in ya gama takarda da azahar, la'asar a hanya take samunsa. Baba ya riƙa noma gonar Gambo kafin tasa, ya kai amfanin ƙofar Hajo. Shekarar farko ta bar shi a waje har gara ta cinye. Ta biyu ta sa aka shigar, saboda yara, ba tare da ta amsa sallamarsa ba. Daga baya danginta suka zo daga gabas suka tafi da su, ban ƙara jin inda Talatu ta yi ba. Geron nan kuwa mun ci shi. Ya kai mu har damina, a garinmu ba a binne yaro ko ɗaya don yunwa ba a shekarar. Wannan ma gaskiya ce, Kawu da kansa bai taɓa musunta ta ba, kuma ba ta taɓa sa shi ya daina istigfari ba.

Yanzu jikokina sukan sayo ƙananan littattafai a tashar Magaria, waɗanda ake kawowa daga Kano, na kisa da ƴan fashi da masu bincike, su zauna su karanta mini tunda idona ba ya ɗaukar boko. Wasu an ce na gaske ne, wasu ƙirƙira. Ina jin daɗinsu, ba zan ɓoye ba, masu rubuta su sun iya jan rai. Amma kullum kafin shafin ƙarshe an kama mugu, an ɗaure shi, kowa ya koma gida da farar zuciya, mai littafin kuma yana can sama yana nuna mana da yatsa. Wata rana na tambaye su, "To shi marubucin, yana ina lokacin da ake wannan aika-aika?" Suka fashe da dariya suka ce, "Kaka, ai shi ba ya ciki." Gafakar Kawu ta tafi a wata damina da ɗakinsa ya rushe bayan rasuwarsa, ba a tsira da ko warƙa ɗaya ba, waɗanda suka saurare shi gindin tsamiya kuma duk sun riga ni. Nakan yi kewar muryar nan tasa, da yadda yakan ɗago kai ya tambayi mutum a ƙofar gidansa ko akwai ƙarya. Bayan kowace salla ina roƙa wa Gambo rahama, sannan Baba, sannan Kawu. Na san da suna nan, haka su ma za su jera.